Ƙayyade Girman Bireka a kan Uwar Wayar da ke Ciyar da Injunan Lantarki da Yawa: Misali daga Ajingi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda ake ƙayyade girman na'urar tsaro, wato bireka ko fiyus, wadda ake ɗorawa a kan waya guda mai kai wuta ga injunan lantarki fiye da ɗaya. Ga alama batun na masu sana'ar haɗa wuta ne kurum, amma ya shafe mu kai tsaye, mu da muke koyar da waɗanda za su zama malaman fasaha a makarantun sakandare da na koyon sana'a, domin duk abin da muka bari a dunƙule a aji, haka ɗalibanmu za su miƙa shi ga nasu ɗaliban.

Abin da ya jawo hankalinmu kuwa gobara ce da ta tashi a wata rumfar niƙa a ƙasar Ajingi. Wani ɗalibinmu, ɗan asalin wurin, shi ya kai mu muka gani da ido. Allah ya kiyaye ba a yi asarar rai ba, amma buhunan hatsin mutane da aka kawo niƙa sun ƙone, kuma mai rumfar ya shafe makonni yana biyan bashin abin da ba shi ya ci ba. Da muka buɗe akwatin wutar, sai muka tarar da babbar bireka mai amfiya 160 tana nan a kunne, ko gezau ba ta yi ba, alhali wayar da aka ce tana tsarewa ta narke. Mai rumfar ya shaida mana cewa da fari mai amfiya 63 ce a wurin. Da ta dame shi da faɗuwa sai aka sa masa mai 100, da ita ma ta fara sai aka kawo mai 160, "daga nan muka samu lafiya," in ji shi.

Tarihin Kano ya nuna cewa maƙeran farko da suka sauka a Dala neman tama, wato Abagayawa, daga Gaya suka fito. Ƙasar nan ba baƙuwar aikin ƙarfe da wuta ba ce. Sai dai maƙeri yana ganin wutarsa, yana gane zafinta daga launin ƙarfe. Wutar lantarki kuwa ba ta ganuwa, saboda haka wanda bai yi lissafi ba, to, bai ga kome ba.

2.0 Ma'anar wasu kalmomi

In muka ce inji a wannan takarda, muna nufin injin juyi wanda ke shan lantarki mai layi uku ya mai da shi juyawa, shi ne wanda bel ke haɗa shi da dutsen niƙa ko famfo. Uwar waya ita ce kebul ɗin da ya taso daga babban akwatin wuta ya zo akwatin rarrabawa. Reshe kuwa shi ne wayar da ta tashi daga akwatin rarrabawa ta je ga inji ɗaya. Amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana cikin waya, bolt kuma ma'aunin ƙarfin da ke ingiza ta. Wutar da ake rarrabawa a garuruwanmu tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa kamfanin KEDCO da ya karɓi rabon wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa a 2013, an saba lissafa ta a kan bolt 415 tsakanin layi da layi, kuma da wannan adadi za mu yi aiki.

3.0 Hatsari iri biyu, mai gadi iri biyu

Tushen kuskuren da aka yi a rumfar nan shi ne ɗaukar cewa wuce kima iri ɗaya ne. A gaskiya iri biyu ne, kuma maganinsu daban-daban ne.

Na farko shi ne obalodi, kamar dai yadda direbobin manyan motoci ke faɗa. Inji lafiyarsa ƙalau, waya lafiyarta ƙalau, amma an ɗora wa injin kayan da ya fi ƙarfinsa: an cusa masara da yawa a mazurari, ko an matse dutse, ko gammon ƙarfen da sandar injin ke juyawa a ciki ya bushe. A nan wutar da yake sha takan ƙaru da kashi 20 ko 30 ko 50 cikin ɗari, ta daɗe a haka. Ɓarnarta a hankali take yi, ta hanyar zafi. Tun wajen 1840 masanin nan na Ingila, James Joule, ya nuna cewa zafin da waya ke fitarwa yana tafiya ne da yawan amfiya sau kanta. Ma'ana, in wuta ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. In ta ninka sau uku, zafi ya ninka sau tara. Robar da ke lulluɓe da yawancin wayoyinmu an yi ta ne ta jure digiri 70 a ma'aunin Salshiyos. Da zarar an zarce haka sai ta fara laushi, sa'an nan ta bushe, ta tsattsage.

Na biyu shi ne gamuwar waya, wato layi ya taɓa layi ko ya taɓa jikin ƙarfe. A nan wuta ba ƙaruwa take yi kaɗan-kaɗan ba, ambaliya take yi, ɗaruruwa ko dubban amfiya cikin ƙiftawar ido, kuma dole ne a yanke ta nan take.

A wutar ɗaki ta fitilu da fanka, bireka ɗaya ta wadatar ga hatsarin biyu. A wajen inji ba ta wadatarwa, kuma dalili shi ne halin injin a lokacin tashi. Injin da aka kunna kai tsaye yakan ja wuta kamar sau shida na abin da yake sha in ya daidaita, har na tsawon 'yan daƙiƙoƙi, kafin juyinsa ya kankama. Birekar da aka yanka daidai wuyan injin za ta ɗauki wannan tashi a matsayin laifi ta faɗi. In kuma aka faɗaɗa ta har ta ƙyale tashin ya wuce, to, ta yi girman da ba za ta ji obalodi ba. Saboda haka aka raba aikin biyu. Kowane inji yana da ɗan rile mai jin zafi a jikin sitatarsa, wanda ake saita shi daidai da amfiyar da ke rubuce a allon jikin injin. Shi ne mai gadin obalodi. Bireka ko fiyus na reshe, da na uwar waya, aikinsu na farko shi ne gamuwar waya. Ƙa'idar haɗa wuta ta Ingila, wadda daga gare ta muka gaji yawancin tsarinmu, wadda kuma tun 1992 ake kira BS 7671, ta wajabta irin wannan mai gadin obalodi ga kowane injin da ya haura kilowat 0.37.

4.0 Lissafin kansa

Injuna huɗu ne a rumfar, kuma ga abin da muka karanta a allunan jikinsu. Injin niƙa babba kilowat 15 ne, yana shan amfiya 28. Injin casar shinkafa kilowat 7.5, amfiya 15. Injin matsar man gyaɗa kilowat 5.5, amfiya 11. Sai famfon rijiyar burtsatse, kilowat 2.2, amfiya 5. In duk suna aiki tare, jimla amfiya 59 ke nan.

Ƙa'idar Ingila ta shimfiɗa manufa, amma ba ta ba da gajeren lissafi na musamman ga tarin injuna a kan uwar waya guda ba. Kundin ƙa'idojin lantarki na Amurka, wanda ake kira NEC, wanda aka fara bugawa tun 1897, shi ne ya ba da irin wannan lissafi a sashensa na 430, kuma muna ganin ya dace a koyar da shi, muddin an san iyakarsa. Abu guda da za a lura da shi: kundin yana umartar a ɗauko amfiyar inji daga jadawalinsa, amma jadawalin an yi shi ne don ƙarfin wutar Amurka, ba bolt 415 ba, saboda haka mu allon jikin inji muka bi.

Ana farawa da kaurin waya, ba da bireka ba. Sashe na 430.24 ya ce a ɗauki amfiyar injin da ya fi kowanne sha a ƙara mata rubu'i, wato kashi 125 cikin ɗari, sa'an nan a haɗa da amfiyar sauran yadda take. A misalinmu, 28 sau 1.25 ya ba da 35. Sauran uku kuwa, 15 da 11 da 5, sun ba da 31. Jimla 66. Lalle ne uwar waya ta iya ɗaukar amfiya 66 ba tare da ta zarce zafin da aka ƙayyade mata ba. Hikimar ƙarin rubu'in nan ita ce, rile mai jin zafi yakan ƙyale inji ya ɗan zarce adadinsa na wani lokaci kafin ya yanke, kuma an ƙaddara cewa ba duka injunan ne za su yi haka a lokaci guda ba, sai dai ɗaya, don haka aka ɗauki mafi girma.

To, wace waya ce za ta ɗauki 66? Jadawalin BS 7671 ya nuna cewa kebul na jan ƙarfe mai sulke da rufin roba, mai kaurin murabba'in milimita 16, in an kafa shi a jikin bango, yana ɗaukar amfiya 77 a layi uku. Mai 25 yana ɗaukar 102, mai 35 kuma 125. Wanda ya tsaya a nan zai ce mai 16 ya isa har da rara, kuma shi ne muka tarar a rumfar. Amma waɗannan lambobi an yi su ne bisa zaton cewa zafin iskar wurin digiri 30 ne. Duk wanda ya taɓa shiga rumfar kwano a Ajingi ko Gaya da tsakar rana a watan Afrilu ya san wannan zato bai shafe mu ba. Jadawalin da kansa ya ba da gyara: a digiri 40 a ninka da 0.87, a digiri 45 a ninka da 0.79. Kebul ɗin rumfar a ƙarƙashin kwanon rufi aka bi da shi, saboda haka muka ɗauki 45. Sai 77 ta koma kimanin 61, ƙasa da 66 da ake bukata. Mai 25 kuwa ya koma 80 da 'yan kai, shi ne ya dace. Mun duba raguwar ƙarfin wuta a tsawon mita 60 da ke tsakanin akwatunan biyu, muka ga ba ta kai bolt 6 ba, ba abin damuwa ba ce.

Sai birekar reshe ta injin da ya fi girma, domin a kanta lissafin uwar waya ya dogara. Kundin ya yarda birekar inji, irin wadda ke jinkiri gwargwadon yawan wuta, ta kai kashi 250 cikin ɗari na amfiyar injin. Fiyus mai jinkiri an ba shi kashi 175, fiyus marar jinkiri kashi 300. Ga injin niƙa, 28 sau 2.5 ya ba da 70. Birekokin da ke kasuwanninmu suna zuwa ne a kan 32, 40, 50, 63, 80, 100, 125, 160, babu mai 70. A reshe an yarda a hau zuwa ta gaba, wato 80, ko kuma a sauka zuwa 63 in za ta ƙyale injin ya tashi.

Yanzu ga ƙa'idar da takardar nan ta taru a kanta, sashe na 430.62. Birekar uwar waya kada ta wuce birekar reshe mafi girma, a haɗa da amfiyar aikin sauran injuna. A lura da kyau: bireka ɗaya tak ake ɗauka, sauran kuwa amfiyar da suke sha ake ɗauka, ba birekokinsu ba. In reshen injin niƙa mai 80 ne, to, 80 da 31 sun ba da 111, kuma a nan ba a hawa, sauka ake yi, wato 100. In kuwa reshen mai 63 ne, 63 da 31 sun ba da 94, a sauka zuwa 80. Hoton da ke bayan wannan ƙa'ida mai sauƙi ne: injuna uku suna cikin aikinsu, sai aka kunna babban. Wannan shi ne nauyi mafi girma na halal da uwar waya za ta gani, duk abin da ya zarce shi laifi ne, a yanke.

Kurakurai biyu muka fi gani a takardun jarrabawar ɗalibanmu, kuma su ne dai muke gani a rumfuna. Wani yakan tara amfiyar injuna ya sami 59, ya ce bireka mai 63. Wannan za ta yi ta faɗuwa, domin in babban inji ya tashi kai tsaye yana jan 168, a haɗa da 31 na sauran, kusan 200 ke nan, a kan birekar da tun farko take cike maƙil kuma take cikin zafi. Wani kuma yakan tara birekokin rassa duka, 80 da 40 da 32 da 16, ya sami 168, ya ce mai 160. Mai rumfar Ajingi ya fara da kuskuren farko ya ƙare a na biyu, ba tare da ya yi lissafin ko ɗaya ba.

Tsakanin 100 da 80, wacce za a zaɓa? Kundin Amurka ya yarda a ɗora mai 100 a kan kebul ɗin da ke ɗaukar 80, bisa hujjar cewa kowane inji yana da mai gadinsa, don haka jimlarsu ba za ta taɓa zarce ƙarfin uwar waya ba. Hujjar daidai ce a masana'antar da ke da injiniya da maƙulli a ƙofar akwati. Mu dai ba mu yarda a dogara da ita a ƙauye ba, kuma za mu faɗi dalili nan gaba. Abin da muka fi so shi ne tsarin asali na ƙa'idar Ingila: wutar aiki kada ta wuce bireka, bireka kada ta wuce ƙarfin waya. 59 ba ta wuce 80 ba, 80 ba ta wuce ƙarfin kebul mai 25 ba. Domin mai 63 ta zauna lafiya a reshen injin niƙa, sai muka ba da shawarar a sa masa sitata irin ta sita-delta, wadda ke rage wutar tashi zuwa sulusi, wato daga 168 zuwa kimanin 56. Gargaɗi guda a nan, domin an sha ƙona inji a kansa: in rile mai jin zafi yana cikin wayoyin kwayil na irin wannan sitata, ba a kan 28 ake saita shi ba, a kan 28 sau 0.58 ne, wato kimanin 16.

Wannan zaɓi yana da nasa aibi, ba za mu ɓoye ba. Tazarar da ke tsakanin 63 da 80 kaɗan ce, saboda haka in gamuwar waya mai tsanani ta auku a reshen injin niƙa, mai yiwuwa ne birekokin biyu su faɗi tare, rumfa duka ta yi duhu. A wajen fiyus, sai na sama ya kai sau 1.6 na na ƙasa kafin a tabbata na ƙasa ne kaɗai zai tsinke. A asibiti ko gidan ruwa wannan babban al'amari ne. A rumfar niƙa kuwa, tsayawar minti biyar ta fi gobara sauƙi.

5.0 Sharuɗɗan da lissafin ya tsaya a kansu

Lissafin nan gaskiya ne, amma bisa sharuɗɗa, kuma a garuruwa irin su Ajingi da Toranke da Balare sharuɗɗan sukan karye kusan kullum. Wannan ne ɓangaren da littattafan da muke koyarwa da su ba su cika taɓawa ba.

Sharaɗi na farko shi ne inji ɗaya ne ke tashi a lokaci guda. To, a wurinmu ana ɗauke wuta ana tsakar niƙa, kowa ya fita shan iska, a bar makunnan hannu a kunne. Da an maido da wuta sai injuna huɗu su yunƙura tare, kowanne da kaya a bakinsa: 59 sau shida, amfiya 354. Bireka mai 80 ba za ta jure wannan ba, kuma bai kamata ta jure ba. Wannan ita ce faɗuwar da ta fi damun mai rumfar, wadda ta kai shi ga mai 160. Maganinta ba a bireka yake ba. Maganinta shi ne kowane inji ya sami sitata mai kontakta, wadda ke sakin kanta da zarar wuta ta ɗauke, ba ta kuma kamawa sai mutum ya danna maɓalli. Sa'an nan a tashe su ɗaya bayan ɗaya, a fara da babban. Ban da kiyaye waya ma, wannan yana kiyaye hannun yaron da ya sa yatsa yana share dutse a lokacin da wuta ta dawo.

Sharaɗi na biyu shi ne wuta ta zo da cikakken ƙarfinta. A ƙarshen dogon layi, da yamma, ba abin mamaki ba ne a auna a ga 350 maimakon 415. Mutane da yawa suna zaton in wuta ta yi rauni inji zai sha kaɗan. Akasin haka ne ga injin da ke ɗauke da kaya: tun da aikin bai ragu ba, sai ya rama raunin bolt da ƙarin amfiya, mai shan 28 ya koma wajen 33. Daɗin daɗawa, ƙarfin murɗawarsa yana tafiya da bolt sau kansa, don haka a 350 abin da ya rage masa bai fi kashi 71 cikin ɗari ba. Tashin da yake yi cikin daƙiƙa huɗu sai ya ja shi ya daɗe yana gurnani, wutar tashi tana ta kwarara.

Na uku ya fi su muni, wato faɗuwar layi ɗaya, kamar in fiyus guda ya tsinke a taransifoma. Injin da ke juyawa ba ya tsayawa, ci gaba yake yi a kan layi biyu, yana jan kimanin sau 1.7 na abin da ya saba. Injin niƙa zai kai wajen 48. Bireka mai 63 ba ta ga laifi ba, mai 80 ma haka. Rile mai jin zafi ne kaɗai zai cece shi, musamman irin wanda aka ƙera don gane faɗuwar layi. A rumfar nan biyu daga cikin injunan ba su da rile sam, na uku kuma an murɗa nasa har ƙarshe. Kasuwar masu naɗin kwayil a Kano, rabinta daga nan take samun ciniki, in an yarda mana da ɗan zuguguwa.

Sharaɗi na huɗu shi ne ba a rataya kome a kan uwar waya ba sai injunan da aka lissafa. Wannan ne dalilin da muka yi alkawarin faɗa. Maƙwabtaka a ƙauye ba ta san maƙulli ba. Mai walda na gefe ya roƙi a ɗan ja masa, mai cajin waya da mai firji suka bi baya, kuma mai rumfa ba zai iya hana ɗan'uwansa abin da ba ya gani yana raguwa ba. Waɗannan kaya ba su da rile, ba su cikin lissafin kowa. Da muka ƙiyasta abin da ke kan wayar a ranar gobarar, injuna huɗu cikin raunin wuta da injin walda da sauran, ya doshi amfiya 90, a kan kebul mai ɗaukar 61. Bisa ƙa'idar Joule, zafin ya fi ninki biyu na abin da aka yarda. Ga ƙaiƙayi da dusa sun taru a kan kebul ɗin kamar bargo. Bireka mai 160 kuwa, a wurinta 90 rabin aiki ne da ɗan ɗoriya.

6.0 Taransifoma da janareta

Akwai lamba ta biyu a jikin bireka wadda ba a cika dubawa ba, ita ce iyakar wutar da za ta iya yankewa ba tare da ita kanta ta fashe ba. Taransifoma mai KVA 300 tana ba da kimanin amfiya 417 a cikakken aiki, kuma in turjiyarta ta ciki kashi 4 ce cikin ɗari, gamuwar waya a bakinta za ta iya kaiwa amfiya 10,000. Ƙananan birekokin gida da yawa 6,000 ne iyakarsu. Rumfar da ke gindin taransifoma tana bukatar babbar bireka mai akwati wadda ta haura wannan adadi.

A nesa da taransifoma, ko a kan janareta, matsalar juyewa take yi: wutar gamuwa takan yi kaɗan har bireka ta kasa ganewa da wuri. Rumfar tana da janareta mai KVA 60, wanda cikakken aikinsa amfiya 83 ne. Janareta irin wannan, ko mai kyau ne, abin da yake iya riƙewa a lokacin gamuwar waya bai cika wuce sau uku na wannan ba, wato wajen 250. Bireka mai alamar C tana faɗuwa nan take ne a tsakanin sau 5 zuwa sau 10 na adadinta, mai alamar D a tsakanin sau 10 zuwa 20, mai alamar B a tsakanin sau 3 zuwa 5. Ke nan mai 80 mai alamar C sai ta ga aƙalla 400 kafin ta yanke nan take, kuma janaretan ba zai ba ta ba. Za ta faɗi daga baya ta hanyar zafi, amma bayan daƙiƙoƙin da tartsatsi ke cin abin da ya samu. Saboda haka ɓangaren janareta yana bukatar tasa birekar, wadda ake iya saita faɗuwarta ta gaggawa ƙasa-ƙasa, tare da na'urar da ke jin zubar wuta zuwa ƙasa. Sita-delta ɗin da muka ambata ita ce ke sa hakan ya yiwu, domin ba don ita ba, wutar tashin injin niƙa da wutar gamuwa a kan janareta kusan ɗaya suke, babu birekar da za ta bambance su.

7.0 Inji na biyar

Bayan an sake haɗa rumfar da kebul mai 25, bireka mai 80, da sitata a kan kowane inji, mai walda kuma an ja masa nasa reshen daga babban akwati da tasa birekar, sai mai rumfar ya aiko ɗalibin namu da tambaya. Ya sami injin sussuka na hannu, kilowat 11, mai shan amfiya 21, yana so ya ƙara. Mun ba ɗalibin lissafin ya yi da kansa. Sauran injuna yanzu 52 ne maimakon 31, don haka uwar waya tana bukatar 35 da 52, wato 87, kebul mai 25 ya gaza. Iyakar bireka 63 da 52, wato 115, a sauka zuwa 100. Kebul mai 35 a digiri 45 yana ɗaukar ƙasa da 99, ya kasa birekar da kaɗan. Da fari ɗalibin ya ce a hau zuwa mai 50, sa'an nan ya lura cewa in aka sauko da kebul ɗin daga ƙarƙashin kwano aka bi da shi ta jikin bango mai inuwa, inda zafi bai wuce 40 ba, mai 35 zai ɗauki kusan 109, ya wadatar. Abin da ya rage shi ne janareta, domin injuna biyar suna shan 80 cikin 83 da yake iyawa, babu wurin tashi. Mai rumfar ya ce a bar maganar tukuna sai bayan kaka, in gyaɗa ta yi kuɗi.